Martani Ga Mai Neman Kano Ta Yi Dokar Riƙe Bindiga

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar kwanakin baya, inda yake kira ga Majalisar Dokokin Jihar Kano ta yi tata dokar da za ta bai wa kowane baligi mai cikakken hankali izinin mallakar bindiga da yawo da ita domin kare kansa da iyalinsa. Malam ya kafa hujja da cewa gwamnati ta gaza, ɓarayin daji sun fara leƙo Shanono da Tsanyawa ta ɓangaren Katsina, garuruwan kudancin Kano kuwa irin su Tarai da sauran ƙauyukan Kibiya da Rano ba su da nisa da dajin Falgore, saboda haka gara mutum ya shafa wa gemunsa ruwa tun wutar tana kan na maƙwabci. Ya kuma nuna Amurka, ya ce can kowace jiha ita ke tsara wa mutanenta yadda za su riƙe makami, to me zai hana Kano? Ba ni da ja a kan gazawar gwamnati, kuma ban ɗauki tsoron da ya sa shi ɗaukar alƙalami da wasa ba. Duk wanda ya ga mutanen Zurmi da Batsari da Sabon Birni suna sayar da gona da shanun huɗa don haɗa kuɗin fansa ya san wannan tsoro yana da tushe. Inda muka raba hanya da Malam shi ne maganin da ya kawo. Dokar da yake nema ba za ta tsaya a gaban kotu ba, in ma ta tsaya ba manomin Tarai ne zai ci moriyarta ba. Bindiga ta riga ta yi yawa a ƙasar nan. Abin da muka rasa shi ne hukumar da za ta tsare mai bindiga ta tambaye shi inda harsashinsa ya tafi, ta hukunta shi idan ya faɗa kan marar laifi.

Tunda doka Malam ya nema, bari a fara da ita. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya jera abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke da ikon yi musu doka, kuma abu na biyu a jerin shi ne makamai da harsasai da abubuwan fashewa. Sashe na 1 na kundin ya ce duk dokar da ta ci karo da shi ba ta da ƙarfi gwargwadon karon da ta yi. An ma riga an gwada an gani. A ƙarshen watan Yuni na 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta sanar cewa jama'a su nemi bindiga, ta ce za ta aika fom 500 ga kowace ɗaya daga masarautun jihar 19, ta kuma umarci kwamishinan 'yan sanda ya ba da lasisi ga duk wanda ya cancanta. Kwamishinan, Ayuba Elkana, ya fito ya ce takunkumin da aka sa wa ba da lasisi yana nan daram, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ƙara da cewa gwamna ba shi da wannan hurumin. Nan maganar ta kwanta. A Binuwai Gwamna Samuel Ortom ya ƙaddamar da dakarun sa-kai na jiha a watan Agusta na wannan shekarar, ya nemi Abuja ta yarje masa ya saya musu AK-47, ba a ba shi ba. Tun kafin su, Gwamna Aminu Bello Masari ya faɗa wa Katsinawa a 2021 cewa su nemi makami su kare kansu, amma ba shi da ikon sa hannu a lasisi ko guda. Wanda nake tausayi a cikin duk wannan shi ne talakan da zai ji gwamnansa a rediyo ya gaskata. Gwamna yana da rigar kariya. Shi kuwa wanda aka kama a shingen sojoji da bindigar da ke cikin jerin haramtattu, dokar tarayya ta tanadar masa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, kuma takardar da aka buga wa hatimin Majalisar Kano ba za ta rage masa ko kwana ɗaya ba.

Mutane da yawa suna zaton Najeriya ta haramta wa farar hula bindiga kwata-kwata, alhali ba haka dokar ta ce ba. Dokar Makamai ta 1959, wadda muka gada tun kafin samun 'yanci, ta kasa bindigogi gida uku. Na yaƙi da fistol da libarba sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na farauta irin mai baki ɗaya da mai baki biyu, lasisinsu yana hannun Babban Sufeton 'Yan Sanda. Sai bindigar toka ta maharbanmu, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, a bi shi da tsumma da 'yan ƙarafa a danna da sanda, a harba sau ɗaya sannan a sake ɗuri tun daga farko. Ita kaɗai ce dokar ta bai wa jiha baki a kanta, domin kwamishinan 'yan sandan jiha, da amincewar gwamna, shi ke da ikon ba da umarnin cewa sai da lasisi za a riƙe ta. Dokar ta kuma hana lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta samu da laifin tashin hankali cikin shekaru biyar da suka wuce. Ke nan ƙofar halak tana nan, 'yan sanda ne suka ja ta suka kulle tsawon shekaru, kuma Babban Sufeton 'Yan Sanda na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sake jaddada dakatar da ba da lasisi a 2023. A nan Malam yana da gaskiya idan ya ji haushi, domin an kulle ƙofar mai bin doka an bar ta ɓarawo a buɗe. Sai dai alƙaluman da ake da su ba sa goyon bayan maganin da ya kawo. Cibiyar Small Arms Survey ta Janeba ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi sama da miliyan 6 a hannun farar hula a Najeriya, na sojoji da 'yan sanda kuwa gaba ɗaya ba su kai 600,000 ba. Da yawan bindiga a hannun jama'a ke kawo zaman lafiya, ai da tuni mun samu.

Malam zai ce to a gyara kundin, a sauko da batun makamai hannun jihohi. Mu ƙaddara an yi hakan. Kano ta yi tata dokar, Edo ta yi tata, Filato da Inugu kowace ta yi tata, jihohi 36 kowace da irin takardarta da irin bindigar da ta yarda da ita. Babu mutanen da ya kamata gabansu ya faɗi da jin wannan tsari kamar mutanen ƙasar Rano, domin su suka yi zaman makokin Uromi. Ranar 27 ga Maris 2025, ana saura 'yan kwanaki ƙaramar Sallah, wasu mafarauta 'yan Kano suka taso daga jihar Ribas a bayan wata babbar mota za su zo gida su yi Sallah da iyalansu. 'Yan sintiri suka tare motar a Uromi ta jihar Edo, suka ga bindigogin farauta ƙirar gida, aka yi kururuwar an kama masu garkuwa da mutane, jama'a suka taru aka kashe mutum 16, aka cinna wa wasunsu wuta. Yawancin mamatan mutanen Bunkure ne, musamman ƙauyen Torankawa, tare da wasu daga Kibiya da Rano da Garko. Gwamnan Edo Monday Okpebholo ya zo har Torankawa ta'aziyya, ya kuma dakatar da kwamandan rundunar tsaron jiharsa, amma wanda ya tafi ya tafi. Ina so Malam ya dubi abu biyu a wannan musiba. Bindigar da ke hannun bayin Allahn nan ita ce wadda doka ta fi sassauta wa, kayan sana'arsu ce da suka gada kaka da kakanni, ba ta kare su ba, ita ce ma aka riƙe hujjar kashe su. Waɗanda suka tare su kuwa mutanen gari ne da su ma garkuwa da mutane ta addabe su, suka yanke ƙauna daga gwamnati, suka ɗauki tsaro a hannunsu, suka zama su ne 'yan sanda su ne alƙalai a bakin titi. Hujjar da suka tsaya a kanta ita ce dai hujjar Malam. Bahaushe matafiyi ne, shi ne direban tirela, shi ne mai kai shanu da albasa da tumatir kurmi, shi ne ɗan ci-rani. Babu wanda ya fi shi buƙatar doka guda da take aiki daga Kongolam har Fatakwal. Ranar da Kano ta ba kowane baligi bindiga, a ranar sauran jihohi za su ba nasu, kuma duk shingen da ɗan Kibiya zai ratsa daga Lakwaja zuwa kudu zai tarar da matasa riƙe da bindiga mai lasisin jiharsu.

Sannan akwai tambayar da rubutun Malam ya tsallake, wato hannun wa bindigar za ta faɗa. Bindiga mai lasisi kaya ce mai tsada, ga kuɗin harsashi, ga takardar likita, ga zirga-zirga zuwa hedikwatar 'yan sanda ta Bompai. Manomin da sai ya sayar da akuya kafin ya sayi buhun taki da damina ba shi ne zai fara samunta ba. Wanda zai fara samu shi ne mai kuɗi da ɗan siyasa da yaran ɗan siyasa. Fom ɗin kuwa ta hannun wa zai bi? Mun ga yadda ake rabon taki da tallafin abinci, a ba kansila da shugaban jam'iyya na mazaɓa su rubuta sunaye, ban ga dalilin da zai sa rabon fom ɗin bindiga ya bi wata hanya daban ba. Kano ce fa ake magana, jihar da 'yan daba ke kashe mutum da wuƙa da barandami a kan wayar hannu, jihar da ta ga abin da ya faru a mazaɓar Gama a zaɓen cike giɓi na 2019, ta ga rayukan da aka rasa da ofishin jam'iyya da aka ƙone a Tudun Wada, maƙwabciyarmu, a zaɓen Fabrairun 2023. Ba na son in ga irin wannan rana alhali kowane ɓangare yana da bindigogi masu takarda. Ajiya ma wani babi ne. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya nuna cewa makamai 178,459 sun yi ɓatan dabo daga hannun 'yan sandan Najeriya, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Idan hukumar da ke da rumbun makamai da littafin rajista da masu gadi ta kasa riƙe nata, yaya ɗakin ƙasa mai ƙofar langa-langa a Tarai zai riƙe? Gidan da aka san akwai bindiga a cikinsa ya ƙara wa ɓarawo dalilin zuwa, domin a daji bindiga ta fi sa daraja.

Tarihin Zamfara shi ne babbar shaidata, kuma ina mamakin yadda masu irin ra'ayin Malam ke kawo Zamfara a matsayin hujjarsu. Masu bincike irin su Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wanda ya shiga daji ya zauna da mutanen nan ya gabatar da bincikensa a 2021, sun nuna cewa abin ya faro ne wajajen 2011 daga satar shanu da fashin hanya da rikicin gona da burtali. Da hukuma ta yi sakaci sai garuruwa suka kafa 'yan sa-kai, da niyyar kare kai kamar yadda Malam yake nufi. Ba a jima ba 'yan sa-kai suka koma kama Bafulatani a kasuwa su yanke masa hukunci nan take, mai laifi da marar laifi. Kisan Alhaji Ishe, wani jagoran Fulani, a kasuwar Cilin ta ƙasar Dansadau yana cikin abubuwan da har yau ake ambata cewa su suka rura wutar. Makiyaya da yawa suka sayar da shanu suka sayi bindiga, a daidai lokacin da makaman Libiya ke malalowa ta Nijar bayan faɗuwar Gaddafi, ɓarayin asali kuma suka samu sababbin mabiya. A watan Afrilu na 2014 mahara a kan babura suka afka wa taron 'yan banga da maharba a 'Yar Galadima ta ƙaramar hukumar Maru, suka kashe mutanen da mazauna garin suka ce sun haura 100. A Sakkwato ma haka aka yi a watan Oktoba na 2021, 'yan sa-kai suka kashe Fulani a kasuwar Mamande ta Gwadabawa, kafin watan ya ƙare aka buɗe wa kasuwar Goronyo wuta aka kashe fiye da mutum 40. Ban kawo wannan don wanke ɗan bindiga ba. Wanda ya ƙone rumbu ya sace matar aure ya yanka liman azzalumi ne, ko me aka yi masa a baya. Na kawo shi ne don a ga cewa Zamfara ta riga ta sha maganin da Malam yake rubuta wa Kano, har gwamnatocin Zamfara da Sakkwato suka dawo da kansu suna haramta 'yan sa-kai. Haka labarin yake a ƙetaren iyaka. A Mali mayaƙan da ake dangantawa da ƙungiyar maharba ta Dan Na Ambassagou sun kashe Fulani kimanin 160 a Ogossagou ranar 23 ga Maris 2019. A Nijar kuwa magajin garin Banibangou ya jagoranci 'yan sintirin yankinsa suka bi sawun mahara a watan Nuwamba na 2021, aka yi musu kwanton ɓauna, mutum 69 suka mutu har da shi. Jarumta ba ta rasa ba a wurinsu, makamin abokan gaba da horonsu ne ya fi nasu.

Za a ce ai akwai garuruwan da suka kori ɓarayi da ƙarfin kansu, kuma matasan Maiduguri sun fatattaki Boko Haram daga cikin gari a 2013. Gaskiya ne, kuma ba na rage wa kowa ladansa. Amma a tuna da me 'yan kato-da-gora suka fara, sunansu ma ya faɗa. Ƙarfinsu shi ne sun san ɗan unguwa sun san baƙo, suna nunawa soja yana kamawa, daga baya gwamnatin Barno ta yi wa wasunsu rajista ta sa su a alawus. Ko su ɗin ma an zarge su da wuce gona da iri a wurare da dama. Abin da ya yi aiki a Maiduguri shi ne idon jama'a da aka haɗa da ƙarfin hukuma, wannan kuwa daban yake da a ce kowa ya rataya tasa ya shiga kasuwa.

Amurkar da Malam ya yi kwatance da ita tana da tarihin da ba namu ba. Haƙƙin riƙe makami yana cikin kundinsu tun 1791, kuma ko can ba jiha ce ke da maganar ƙarshe ba, domin a watan Yuni na 2022, makon da Zamfara ta yi tata sanarwar, Kotun Ƙolin Amurka ta rushe dokar jihar New York da ke cewa sai mutum ya nuna dalili na musamman kafin a ba shi izinin yawo da bindiga. Ƙasa ce da ake ƙiyasta bindigogin farar hula sun fi mutanenta yawa, kuma a 2021 kaɗai mutum 48,830 suka mutu ta hanyar bindiga, fiye da rabi kansu suka harbe. John Lott ya fitar da littafi a 1998 yana cewa sassauta dokar yawo da bindiga yana rage laifi, amma kwamitin masana na ƙasar da ya duba batun a 2004 ya ce alƙaluman ba su tabbatar da hakan ba, sannan binciken John Donohue na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa a 2019 ya gano cewa jihohin da suka sassauta sun samu ƙarin laifukan tashin hankali da kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari bayan shekara goma. Ga kuma darasin da ya fi shafarmu. Birnin Chicago yana da tsauraran dokoki, amma rahoton da hukumomin birnin suka fitar a 2017 ya nuna yawancin bindigogin da aka kama a wuraren aikata laifi daga wajen jihar Illinois aka sayo su, mafi yawa daga maƙwabciyarta Indiana. Wannan fa a ƙasar da ake iya bin lambar bindiga har shagon da ya sayar da ita. A nan inda babur ke ratsa daji daga Kano ya faɗa Bauchi ko Kaduna ba tare da ya taka kwalta ba, dokar jiha ɗaya ta zama dokar dukan maƙwabtanta ko sun so ko sun ƙi.

Mu dawo gida mu dubi rigingimun da suka fi kai mutanen Tarai gaban dagaci. Iyakar gona ce da wani ya ci da garma, rabon gado ne, bashi ne, faɗan samari ne a wajen biki, sai kuma lokacin kaka idan shanu suka shiga wake ko dawa kafin a kwashe. A yau irin wannan rigima takan ƙare da zage-zage, in ta yi tsanani a fasa kai da sanda, dattawa su shiga tsakani, a kira arɗo da mai unguwa su zaga gonar su ƙiyasta ɓarna a biya. Mai sanda yana da lokacin da za a riƙe hannunsa, kuma wanda aka fasa wa kai yakan warke a yi sulhu. Mai bindiga kafin a ce a riƙe shi ya riga ya gama, sai a koma maganar gawa da ramuwa. Kada a ce mutanenmu masu haƙuri ne ba za su kai haka ba. A watan Mayu na 2025 a cikin garin Rano, bayan wani matashi ya rasu a hannun 'yan sanda, jama'a suka fusata suka afka wa ofishin, baturen 'yan sandan ya rasa ransa. Rasuwar matashin abin a bincika ce a hukunta duk mai hannu, kisan jami'in ma laifi ne babba. Wannan rana ta nuna yadda amana ta lalace tsakanin jama'a da masu kaki, ta kuma nuna abin da fushin taro ke iya yi cikin sa'a guda. Duk mai son Rano ya gode wa Allah da ba a wayi garin nan da bindiga a kowane gida ba.

Malam ya taɓo addini, ya ce Musulunci ya halatta kare kai. Babu musu. Hadisi ingantacce ya ba wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa ko iyalinsa matsayin shahidi, kuma dokar ƙasa ma ba ta hana ba, domin sashe na 33 na kundin tsarin mulki da dokar final kod da ake aiki da ita a Arewa duk sun amince mutum ya tunkuɗe maharin da ya zo masa gwargwadon buƙata. Amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne kuma ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, ya umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa wani. Malamanmu na Malikiyya ba su bar ƙisasi a hannun kowa ba sai shugaba da alƙalinsa. Halaccin ka tunkuɗe ɓarawon da ya haura maka katanga bai zama izinin rataya makami a shiga taron jama'a ba, kuma dokar da Malam ke nema ta biyun take nufi.

Saura tambaya mafi nauyi, wadda ban isa in kauce mata ba: idan ƙarfe biyun dare aka ji ƙarar babura a bakin gari, ofishin 'yan sanda yana can Kibiya, me magidanci zai yi? Amsata ita ce a nemi abin da zai sa daren nan ya tarar da mutanen da aka horar, aka san sunansu, ake biyansu, kuma ake iya kai su kotu. Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma mai mutum 1,466 a watan Oktoba na 2023, Zamfara ta biyo da Askarawa a Janairun 2024, Kano ma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar kafa rundunar tsaron unguwanni a 2025. Wannan hanya ta fi ta Malam kusa da daidai, amma ita ma tana da ramuka, kuma a nan nake so masu alƙalami irinsa su sa ƙarfinsu. A tabbatar dagaci da liman da arɗo sun tantance wanda za a ɗauka, kada a bar wa shugaban jam'iyya. A sa 'ya'yan Fulanin da ke zaune da mu cikin rundunar, domin rundunar da ta zama ta ƙabila ɗaya ta kama hanyar 'yan sa-kan Zamfara tun ranar farko. Duk makamin da tarayya ta yarje musu ya kwana a ma'ajiya mai littafi, a sa hannu a ɗauka, a ƙirga harsashi a mayar. A biya su a kan lokaci, don mai makamin da ke jin yunwa a kan talaka zai huce. Wanda suka kama kuma ya kwana a hannun 'yan sanda ya wayi gari a gaban alƙali. Ko 'yan sandan jiha da ake ta muhawara a kansu sai an ɗaure su da irin waɗannan sharuɗɗa, domin Kanawa ba su manta yadda aka yi amfani da 'yan dokar En'e a kan magoya bayan NEPU ba, abin da ya sa gwamnatin soja ta narkar da su cikin 'yan sandan tarayya.

Daga Abuja kuma akwai abin nema da ya fi gyaran kundi sauƙi. Tun 2018 shugaban Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda na lokacin, Mike Okiro, ya ce jami'ai sama da 150,000 suna gadin manyan mutane ne, alhali ƙaramar hukuma guda ba ta da isassun da za su fita sintiri da dare. A dawo da su bakin aiki. A buɗe ba da lasisin bindigar farauta bisa sharuɗɗan da dokar 1959 ta riga ta shimfiɗa, da rajista guda ta ƙasa baki ɗaya wadda ɗan sandan Uromi zai iya dubawa ya ga sunan maharbin Torankawa. Gwamnatin Kano da kwamishinan 'yan sanda kuwa ba sa buƙatar jiran kowa kafin su yi wa maharban jihar da bindigoginsu na toka rajista, su ba su shaidar da hukuma ta sani, su kuma tsara yadda za a riƙa sanar da 'yan sandan jihohin da ayarin farauta zai ratsa kafin ya tashi. Wannan yana cikin ikon da doka ta ba su yau. Idan 'yan majalisar da ke wakiltar Kibiya da Rano da Bunkure suna neman ƙudurin da za su kai zaure a kan bindiga, wannan ne, tare da matsa wa gwamnatin Edo lamba har a ga hukuncin da kotu ta yanke wa waɗanda aka kama kan kisan mutum 16 ɗin nan.